Wuta a Ƙarƙashin Gadon Jego

Jos, farkon Nuwamba, 2021

Zuwa ga taubashiyata Malama Karima, a Anka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, da 'yan Islamiyyar da kike firgitawa da sunan karatu. Ni lafiyata ƙalau, in ban da barci da ya ƙaurace mini.

Ilu direba ne ya tare ni a tasha ya ce ƙanwarki Raihana ta sauka lafiya a gidan Inna a Bukkuyum, an samu mace. Karima, matata ta haihu, a bakin direba na ji! Tun da aka kashe layin waya a jiharmu nake danna lambarta, na san ba za ta shiga ba, amma hannuna ya ƙi ji. Maigidana ya ce ba inda za ni sai mun gama aikin masaukin baƙin da muka karɓa, don haka suna ma ba da ni za a yi ba. In an tambayi zaɓina, Nusaiba nake so.

Ilu ya kuma ce itace ya yi wuya, ba mai shiga daji ya saro saboda mutanen nan. Kin san itacen jego a wuyan miji yake. Kunya ta ishe ni, a ce 'yar Inna tana jego, ni ban sauke ko ɗauri guda a ƙofar gida ba. Shi ya sa na ba Ilu wannan kwalin da tukwanen gas ya kawo miki.

Murhun ɗumama ɗaki ne. A nan akwai tsofaffin gidajen Turawan kuza masu murhu a jikin bango, mu ne muke saka musu irinsa. Za ki ga guma-gumai kamar na ƙirya, kada ki ba yara su kai madafa, na yumɓu ne gasasshe, wuta tana lasarsu ba ta cin su. Ba ya hayaƙi, shi ya sa ba a yi masa bututu, amma iskar ɗaki yake sha kamar mutum. Don haka ba na ɗakin kwana ba ne. A ajiye shi a babbar rumfar Inna, a dandaɓen ƙasa, nesa da labule da tabarma, Raihana ta riƙa zama kusa da shi bayan wanka, a bar taga a buɗe. Tukunya ta zauna a waje. In an haɗa tiyo ki shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa gas na fita, a kashe a sake ɗaurewa. Guma-guman kuma kada a sauya musu zama, yadda na jera su na ɗaure haka za su tsaya. Abu na ƙarshe, in iskar wuri ta yi ƙaranci da kansa yake mutuwa. Ba lalacewa ya yi ba, a buɗe ƙofa a fita.

Ni ba ni da bakin da zan aika wa Inna da umarni. Ƙanwar Baba ce, ta goya ni, amma tun da na auri 'yarta daga bayan darni nake gaishe ta. Ke ce bakina. Yau dai wannan surutun naki ya yi rana.

Taubashinki,
Sufyanu

*

Anka, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Baturen Jos.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, yara sun ce ba su ga tsarabarsu a kwalin ba, sai itacen ƙarya.

Na je Bukkuyum an yi suna, ka ci sa'a, Nusaiba aka raɗa. Yarinya tubarkalla, ta kwaso goshinka, Allah ya sa ta tsaya a nan. Raihana tana lafiya, tana shan kunun kanwa tana ɓata fuska. Na ce ko akwai saƙo zuwa Jos, ta rufe fuska da mayafi ta ce in ce tana gaishe ka. In kana jiran fiye da haka daga mai ɗiyar fari a gaban uwarta, sai ka yi ta jira.

Hanya ba daɗi. Kowa a motar salati yake har muka isa, ba wanda ya yi hira.

Batun kayanka, na yi yadda ka ce. Na kira Makau mai gyaran janareta, na tsaya a kansa ya haɗa tiyo, na shafa sabulun da hannuna, ba kumfa. Muka kunna a rumfa, wuta ta tashi shuɗiya, mata suka taru suna kallo kamar an kawo sinima. Inna ta leƙa wutar ta ce, "Wanga shi na itacen da anka aiko? Ni ban taɓa ganin wutad da ba ta toka ba." Na karanta mata bayaninka, ban tsallake ko layi ba. Da na zo kan taga ta ɗaga hannu ta ce, "Taga buɗe ga mai jego? Ku ɗiyan boko kuna son ku kashe mutum. Ɗiya tau ba ta jego ga rumhwa kamar akuya." Daga baya ta sauko ta ce in ce maka an gode, Allah shi yi albarka.

Ka san ɗakin jegon Inna, mai gadon ƙasa da ramin wuta a ƙarƙashinsa. A nan ta yi mana jego mu duka, har da rabin matan unguwa. Ta toshe tagar da tsumma, ta rataya bargo a ƙofa. Ruwan wanka da karan dawa ake dafawa, wannan ba matsala. Garwashin ƙarƙashin gado ne babu, don kara ba ya garwashi, nan da nan ya zama toka. Abin yana cin ranta, na ga tana leƙa ramin tana tsaki.

Na baro murhunka a rumfa inda ka ce. Ka kwantar da hankalinka ka yi barci, ka ji?

Karima

*

Anka, ƙarshen Nuwamba

Sufyanu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai ɗan ƙaramina da ke mura. Ban ga amsarka ba, Ilu ya ce motarsa ta kwana biyu a gareji. Ban jira ba na sake rubutowa, don akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Makau ya shigo Anka sayen kayan gyara, ya biyo ya gaishe ni. Yana ta fara'a, wai in yi maka albishir, murhunka ya samu gurbi. Sanyi ya sauko sosai, Inna ta ce ba za ta zuba ido jikin 'yarta ya yi ɗanye ba alhali ga wuta a gida. Ta sa shi ya tura murhun cikin ramin gado, inda ake zuba garwashi. Bai shiga da guma-guman a jere ba, sai ya kwance su ya cusa yadda suka samu. Tukunya tana waje, ta tagar aka shigo da tiyo aka sake toshewa. Wai gado yana ɗaukar zafi har ya fi na itace.

Ya ce da farko abin ya ba su wahala, in an kunna aka rufe ƙofa, jim kaɗan sai ya mutu. Inna ta ce kayan Jos ragwaye ne kamar masu su. Sai shi Makau ya duba ya gano inda matsalar take, ya ɗaure makunnin da waya. Na ce masa kai ka ce in ya mutu a buɗe ƙofa a fita. Ya yi dariya ya ce, "Malama, hwaɗa mai ya kwantad da hankali nai, yanzu ko an hura ba ta mutuwa."

Na tambayi masu jego. Ya ce an ce yarinya ba ta da rigima ko kaɗan, barci take ta yi, har sai an tashe ta ta sha nono. Inna tana ta yabonta. Raihana kuma ciwon kai take fama da shi da jiri, an ce na jego ne, an jiƙa mata sassaƙe. Ni ma na yi ciwon kai a jegona, don haka ban san ko ina tayar maka da hankali a banza ba ne. Inna ba ta barin wutar kullum, bayan wankan safe da na yamma take kunnawa, don kada gas ya ƙare kafin arba'in.

Na so in je in gani da idona, Malam ya hana. An tare hanya a makon nan, motocin Bukkuyum sun daina lodi. Ka gaya mini gaskiya, gyaran nan na Makau gyara ne?

Karima

*

Jos, ranar da takardarki ta iso

Karima,

Sallama. Ki yafe mini, yau ba doguwar gaisuwa. A tsaye na karanta takardarki a tasha, a nan nake rubuta wannan a kan bonet ɗin mota.

Ba gyara ba ne. Abin da Makau ya ɗaure shi ne kaɗai mai gadinsu. Wutar nan in ta rasa iska, ko harshenta ya bugi guma-guman da aka cusa ba daidai ba, wata iska take fitarwa mai guba, ba wari ba launi. Ciwon kai da jiri da yawan barci su ne sallamarta. Mutum ba ya jin yana mutuwa, barci kawai yake ji. Jariri kuma ya fi babba saurin tafiya. Ke da kika ga yaran Bagega lokacin gubar dalma, ba sai na gaya miki abin da ido bai gani ba yana kisa.

Yarinyar nan ba haƙuri ne da ita ba, Karima. Ba haƙuri ba ne!

Ki roƙi Malam da girman Allah. In ba za ki iya zuwa ba ki nemi duk mai zuwa, ko a babur ko a ƙafa. A rufe tukunya, a cire tiyo, a fitar da su tsakar gida su sha iska, a kai su asibiti ko sun ce sun warke. Kada a tsaya neman yardar Inna. In ta yi fushi ki ce ni ne, ki ɗora mini duka.

Na ba yaron motar Gusau wannan, ya yi mini rantsuwa zai sa ta a motar Anka. Ki amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Sufyanu

*

Jos, farkon Disamba

Karima,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Shiru. Kullum ina tasha, har masu shayi sun san ni, in sun hango ni sai su girgiza kai tun kafin in tambaya. Ban san ko takardata ta same ki ba, ban san ko kin tafi ba, ban san ko shirun nan na alheri ne ba.

Jiya ina saka irin murhun a falon masaukin baƙin nan, na gwada shi na rufe ƙofa, ya mutu da kansa yadda ya kamata. Na zauna a ƙasa. In na rufe ido bargon ƙofar nan nake gani.

Na gaya wa maigidana zan tafi. Ya ce in na tafi kada in dawo. Na ce to. Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanya, in na samu mai wucewa Bukkuyum ba zan tsaya Anka ba, kada ki ga laifina. Watakila ma in riga wannan takardar isowa.

Sufyanu

*

Anka, farkon Disamba

Sufyanu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta batun gyaran Makau sai shekaranjiya ta iso, ta yi yawo har Talata Mafara. Na karanta wa Malam, ya ɗauki hularsa muka tafi tasha tare. Babu mota. Masu babur sun ce ko za a ba su babur sabo ba za su bi hanyar ba.

Na samu wata mai sayar da daddawa 'yar Bukkuyum da za ta bi ta cikin ƙauyuka, na ba ta saƙo da baki, na maimaita mata har ta gaji da ni. Amma na san Inna. Ni 'yarta na karanta mata a gabanta ta ɗaga mini hannu, mai daddawa za ta saurara? Kuma an ce sanyin ya ƙaru, ka san abin da za ta yi in sanyi ya ƙaru.

Na san ba za ka zauna a Jos ba, ban san inda zan aika wannan ba, na ba Ilu ko zai gamu da kai a hanya. Na kasa zama na kasa tsaye, yau ko makaranta ban je ba. Ni na ce ka kwantar da hankalinka. Allah ya tsare mana su.

Karima

*

Gummi, Disamba

Zuwa ga Yaya Karima.

Assalamu alaikum. Suna da rai, su biyun. Na fara da wannan don ki samu ki zauna ki karanta sauran. Ina fata Malam da yara suna lafiya, a yi masa godiya.

A bayan motar gero na shiga Bukkuyum, da hantsi. Mai daddawarki ta isar da saƙo, Inna ta ba ta tukuicin goro ta ce ta gaishe ki. Da na iso ƙofar gida na yi sallama sau ɗaya, ban jira amsa ba. Karima, na shiga gidan Inna da takalmi a ƙafata. Mata suna tsakar gida suna tankaɗe, suka watse suna jan mayafi. Inna tana bakin murhun girki tana dama kunu, ta ɗago ta gan ni, muciya ta faɗi daga hannunta.

Tukunya na fara rufewa. Sannan na fizge bargon ƙofar, har da tabarmar da aka ƙara a bayansa. Zafi ya buge ni a fuska. Bakin ramin gadon ya yi baƙi ƙirin. Raihana tana kwance, ta yi amai a gefen matashi, na kira ta ta buɗe ido ba ta san ni ba. Yarinyar tana gefenta, na ɗaga ta, hannuwanta suka zube kamar tsumma. Ranar da na fara ganin 'yata ke nan.

Na fito da ita na danƙa wa Inna a hannu, na koma na sungumo Raihana daga ita sai zanen jego, a gaban kowa, na shimfiɗe ta a tsakar gida. Inna tana cewa, "Sufyanu, hauka kakai? Ɗanyen jiki gare ta! Mai da ta ɗaki!" Rabon da in ji sunana a bakinta tun kafin aure. Na ce, "Inna, ba ta komawa." Na faɗa ina kallon idonta.

Sai ta duba abin da ke hannunta. Ta jijjiga, ta hura mata fuska, ta kira ta, shiru. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Can yarinyar ta yi wani ɗan kuka kamar na mage, Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

Aka ce mu wuce Gummi, can ne za a samu tukunyar iskar numfashi. Makau ne ya nemo mota, yana kuka yana rantse-rantse, na ce ya bari, ba shi ya aiko da murhu daga Jos ba. An sa musu iska ta hanci su biyun. Likita ta ce da an kai wankan yamma da wani zancen ake yi. Ta ce Nusaiba sai an riƙa dawo da ita ana dubawa, ba za a san komai ba sai tana girma. Wannan maganar ita ce ke hana ni sukuni yanzu. Amma tana kuka, tana kuka sosai, duk ɗakin sun gaji da ita ban da ni.

Kin san abin da Raihana ta fara faɗa da ta dawo hayyacinta? Ta dubi tagar ɗakin ta ce, "Wa ya buɗe taga? Yarinyag ga za ta sha sanyi, Inna za ta yi hwaɗa."

Likitar ta zaunar da Inna ta yi mata bayani a hankali. Tun ranar Inna ba ta dube ni ba, in na gaishe ta bango take amsa wa. Tagar tana daidai kan gadonsu, iskar gulbi tana shigowa da sanyi. Da yamma na ga Inna ta tashi ta kama marfin tagar za ta rufe. Ta daɗe a tsaye hannunta a kai. Sai ta sake shi, ta jawo kujera ta zauna tsakanin tagar da gadon, ta ba iskar baya. Tun ranar a nan take wuni, a nan take gyangyaɗi, in ma'aikata sun ce ta matsa sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ta fara tari.

An ce hanya ta ɗan buɗe. Don Allah ki roƙi Malam ki taho. Na sayo wa Inna bargo a kasuwa, na kai har gabanta na durƙusa, ba ta miƙo hannu ba. Yana nan a ninke a wurina, ki zo ki lulluɓa mata.

Ƙaninki,
Sufyanu